Tsutsar Idon Auta

"Ku kama shi ta hammata mana, ba ta riga ba! Haba jama'a, mutum ne fa!"

Ikilima ce ke wannan ihun a ƙofar gidansu da ke Darki, mayafinta ya zame ya koma wuya, maza uku suna kici-kicin shigar da ƙanenta Nu'uman bayan motar haya. Soja ne, kofur, ƙato kuma tun yana yaro, amma yau jikinsa ya saki gaba ɗaya. Idanunsa a buɗe suke, sun kaɗa sun yi jajur, ba ya kallon kowa. Ya ɓata wandonsa tun a ɗaki, shi ya sa ta ɗaura masa zaninta a ƙugu, don kada 'yan unguwa su ga abin da za su daɗe suna faɗa.

Inna, mahaifiyarsu, ta riga ta shiga ta zauna. Aka ɗora mata kansa a cinya.

"Auta," ta ce a hankali. "Auta, ni ce fa."

Bakinsa ya motsa, amma abin da ya fito ba magana ba ce.

Baffa Gwadabe, ƙanen mahaifinsu marigayi, ya tattara babbar rigarsa ya shige kusa da direba, ya ja ƙofa da ƙarfi. "Ni dai na faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Amma tunda yanzu mata ne da gidan, to mu je."

"Mu je ɗin dai, Baffa, ka yi haƙuri," in ji Ikilima. Ta matsa ta ɗauki ƙafafun Nu'uman ta ɗora a jikinta.

Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Hanya ta cika da manyan motocin shanu da masu babura ɗauke da awaki, kowa na sauri, ba mai wucewa. Direba sai danna ham yake yana tsaki. Ikilima na jin zafin ƙafafun ƙanenta ta cikin zani. Ita ta goya shi, ita ta koya masa tafiya, ƙafafun nan ta san su tun ba su cika mata tafin hannu ba.

Ya daɗe rabonsa da gida. Shekara da shekaru yana can kudu, a dajin kan iyakar Kamaru, inda ya ce bishiyoyi sun haɗe sama har rana ba ta samun ƙasa. Da ya zo hutun nan, kullum da hantsi zai miƙe ƙafa a tsakar gida ya yi ta zuba.

"Inna, harsashi ba shi ne damuwarmu a can ba. Ƙwari ne. Ka cire takalmi ka tarar matsattsaku ya sha ya ƙoshi. Ka shanya riga ƙuda ya yi mata ƙwai, ka saka, bayan kwana biyu tsutsa ta leƙo ta bayanka. Zazzaɓi kuwa ba ma lissafa shi a ciwo. Ga wani jan ƙuda mai cizo da rana tsaka, in ya sa maka baki sai ka kira sunan uwarka."

"To ka kira ni ɗin?" Inna ta tambaya.

"Kullum, Inna."

Ana ta dariya, sai aka lura da abin da ya zo da shi. Yau wuyan hannunsa zai kumbura ya yi ta susa, jibi kumburin ya sace ya ɓullo a idon sawu. Rannan yana shan koko Inna ta ƙura masa ido, sai ta saki ludayi ta yi salati. Wani siririn abu kamar zare ne ke tafiya a kan farin idonsa, a hankali, ya ƙetare ya shige. Shi ko a jikinsa. Ya ce ai rabin 'yan barikinsu suna da ita, takan zo ta gaisa ta wuce.

Baffa Gwadabe da aka gaya masa bai ko tsaya dubawa ba. Ya ce jifa ne. Wani ne a can ya ga yaro na samun ci gaba ya aiko masa, in ba haka ba wane irin ciwo ne zai riƙa yawo a jikin mutum kamar mai talla?

Ikilima ta ƙyale shi don babba ne, amma a ranta dariya ta yi. Ita ce mai rabon maganin tsutsa a unguwarsu. Duk shekara takan bi gida-gida da wata doguwar sanda mai fenti launi-launi, ta jingina mutum da ita ta auna tsayinsa, ta ƙirga masa 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi na rigakafin tundurmi da gwaiwa. Kuma ba ƙarya, Ikilima ta iya aikinta, tana kuma ji da kanta a kansa. Mai ciki ba a ba ta. Yaron da bai kai layin farko ba, ba a ba shi. Wanda ke kwance rai a hannun Allah, ba a ba shi. Sauran kowa ya sha, tun daga liman har mai wankin hula. Rabon bana kuwa ya faɗo daidai makon nan, kwalaben suna ɗakinta.

"Tashi ka tsaya jikin sandar nan," ta ce wa Nu'uman da safiyar ranar rabon, yau kwana uku ke nan.

"Yaya, ni fa kofur ne."

"Kofur a can. A nan ni na yi maka tsarki. Tsaya sosai. Ciki gare ka?"

"Na tuwon Inna dai."

"Huɗu ne naka. Buɗe hannu."

Ya kalli ƙwayoyin a tafinsa. "Likitanmu fa ya taɓa cewa masu tsutsar ido kada su sha komai sai an duba jini. Layin ne ya yi tsawo ban tsaya ba."

"Jinin me? Mutanen garin nan duka na ba su, wa ka ji ya mutu? Tsutsa dai tsutsa ce. Haɗiye ka ba ni kofina."

Ya haɗiye, ya buga ƙafa ya sara mata, Inna na dariya har da riƙe ciki.

Washegari ya tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai. Ikilima ta ce magani ne ke aiki, ai an gaya musu wasu kan ɗan ji jiki. Jiya ya fara sambatu, ya kalli Inna ya ce mata oga. Yau kuma ga shi. Wallahi duk tsawon hanyar nan, ko sau ɗaya zuciyarta ba ta haɗa ƙwayoyinta da wannan kwanciyar ba. Zazzaɓin cizon sauro take zargi, irin mai hawa kai, har tana jin haushin kanta da ba ta matsa an kawo shi tun jiya ba.

A asibiti aka ɗauke shi a gadon turawa. Likitan da ke aiki ranar wani siririn saurayi ne mai tabarau, Dakta Sanusi. Ya haska idanun Nu'uman, ya ɗaga fatar idon ya daɗe yana kallon ɗigo-ɗigon jinin da ke ciki, ya tsunkule shi a hannu ya ga ya ɗan janye.

"Me aka ba shi a gida?"

"Rubutu da tofi," in ji Baffa.

"Koko, shi ma bai sha ba," in ji Inna.

Likita ya roƙi a rage mutane, ɗaya ya tsaya. Ikilima ta ce ita za ta tsaya, ai ita ma ma'aikaciyar lafiya ce. Da suka fita ya tambaye ta inda Nu'uman yake aiki, ta faɗa. Sai ta ga ya ɗago kai. Ya ce shi ma a wajen ya yi bautar ƙasa. Ya tambaya ko jikin Nu'uman na kumbura nan da can, ko an taɓa ganin wani abu a idonsa.

"Ƙwarai kuwa, likita. Tsutsa ce, mun gan ta. Amma wannan an wuce wajen, na riga na ba shi maganinta."

"Wane magani?"

"Na rabo. Ni ce ke rabawa a Darki. Na auna shi da sanda, huɗu cif, ban ƙara ba ban rage ba."

Da fara'arta ta faɗa, tana jiran ya ce madalla. Dakta Sanusi bai ce madalla ba. Ya ajiye biro, ya kira nas ya ce a ɗibi jini yanzu-yanzu a kai ɗakin gwaji, a sa masa ruwa. Ya ce mata ta zauna ta jira.

Ta zauna a benci. Ta tashi, ta zauna, ta leƙa Inna da ke gefen gado tana shafa goshin Auta, ta koma ta zauna. Da likita ya dawo sai ya kira ta ofishinsa, ya turo ƙofa.

"Malama Ikilima, jininsa cike yake da 'ya'yan tsutsar nan. Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, amma sun yi yawan da ban taɓa gani ba. Jan ƙudan dajin can ne ke sa ta. Maganin da kike rabawa yana da kyau, ya tsare mutane da yawa. Amma mai irin wannan tsutsar da yawa a jini, in ya sha, sai su mutu duka lokaci ɗaya, su toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Abin da ya same shi ke nan."

Ta kalle shi kamar da wani yare ya yi magana.

"Da ban ba shi ba fa?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Likita, don Allah. Da ban ba shi ba fa?"

"Da yana yawo da ƙafarsa. Da an bi shi a hankali da wani maganin daban." Ya yi saurin ƙarawa, "Ba a koya muku ba ne saboda babu tsutsar a nan yankinmu. Duk Darki ki ba kowa, ba abin da zai same shi. Shi kaɗai ne."

Shi kaɗai. Duk garin, mutum ɗaya ne bai kamata ya sha ba, kuma shi ta tsare ta ɗura wa, bayan ya buɗe baki ya gaya mata abin da likitansu ya ce. Ikilima ta ji kunya da baƙin ciki sun haɗe mata wuri guda, ta rasa wanda ya fi ciwo. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe gefen tebur.

"Zai tashi?"

"Wasu suna tashi. Wasu su tashi ba kamar da ba. Ba wata allura da zan yi masa ya farka, ban ɓoye miki ba. Abin da ke ceton su shi ne jinya: ruwa, abinci ta roba a hanci, a riƙa juya shi kada bayansa ya kwaile, a tsare kada ya shaƙe. Zai ɗauki kwanaki. Abu ɗaya nake roƙonku, kada a fitar da shi daga nan. In aka kai shi gida aka ɗura masa wani abu ta baki a wannan halin, cikin huhunsa abin zai wuce."

"Kada ka gaya wa Inna ni ce."

"Ni zan rubuta abin da ya faru in aika inda ya kamata, wannan dole ne. Maganar gidanku kuwa taku ce."

Ta koma ɗakin marasa lafiya. An sa wa Nu'uman roba a hanci, ruwa na ɗiga a hankali. Inna ta tambaye ta me likita ya ce. Ta ce ya ce tsutsar ce ta taɓa kansa, sai an yi haƙuri. Ba ƙarya ta yi ba, ta dai yanke wutsiyar maganar. Nas ta nuna musu yadda ake juya shi, su biyu suka kama, suka sa masa matashi a baya. Ikilima ta jiƙa auduga tana goga masa a leɓe, tana kallon ko'ina ban da fuskar mahaifiyarta.

Bayan an sauko daga masallaci Baffa Gwadabe ya dawo, da direban safe a bayansa. Ya tsaya a bakin gadon ya kalli ledar ruwan, ya kalli robar hancin.

"Tun safe abin da suka yi ke nan? Ruwa? Ruwa ai muna da shi a randa." Ya juya wajen Inna. "Na haɗu da wani a masallaci, ya ce akwai mutum a wajen Ɗankaza, irin wannan aiken shi ne aikinsa. Jiƙo ɗaya yake bayarwa, mutum ya amayar da abin a gaban kowa. Mota na waje. Tashi mu tafi tun da sauran rana."

"Baffa, likita ya ce kada a motsa shi," in ji Ikilima.

"Likita ya ce yana da maganinsa?"

"Ya ce jinya ce."

"To kin ji. Shi da kansa ya sallama."

"Ba jifa ba ne, Baffa. Wallahi ba jifa ba ne. An gani a jini."

"An gani a jini, to wa ya sa ta a jinin? Yaro ya yi shekaru da abinsa yana cin tuwo yana dariya, sai da ya zo gida zai faɗi rana ɗaya? Ke ma ki yi tunani mana. Akwai hannun mutum a ciki."

Ikilima ta san hannun waye, amma ta ɓoye. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ta ce a ranta bari ta ƙara lallashi, bari ta kira nas, bari likita ya zo ya hana. Tana wannan bari-barin Inna ta miƙe. Tsohuwar da tun safe ba ta ɗaga murya ba, sai ta fara naɗe tabarma.

"Gaskiyar Malam Gwadabe ce. Akwai hannun mutum." Ta dafa ƙirjin ɗanta, ta ɗaga ɗaya hannun sama. "Yaron nan bai tare wa kowa komai ba. Duk wanda ya yi masa wannan, ko waye, ko a ina yake, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba duniya da lahira. Yadda ya sa na ga wannan rana, Allah ya nuna masa a kan nasa 'ya'yan."

"Amin," in ji Baffa. Matar da ke jinyar mijinta a gado na gaba ma ta ce amin.

Ikilima na da 'ya'ya uku a gida. Ta ji maganar ta sauka a kanta tun daga tsakiyar kai har tafin ƙafa. Baffa ya riga ya kai hannu zai ɗaga kafaɗar Nu'uman, yana ce wa direba ya kama ƙafa, a kira mai cire robar nan.

Ta durƙusa a ƙasan siminti, ta riƙe ƙafar gadon.

"Inna, ni ce."

Ba wanda ya gane. Baffa ya ce ta tashi ta ba mutane hanya.

"Ni ce, Inna. Maganin da na ba shi ne, na sanda, a gabanki. Ba ya haɗuwa da tsutsar da ya zo da ita. Ya gaya min likitansu ya ce a duba jini, na ce ya haɗiye. Ba kowa ba ne a kudu, ni ce. In kuka fitar da shi aka ɗura masa jiƙo mutuwa zai yi. Ku yi min duk abin da za ku yi, amma ku bar shi a nan."

Baffa ya saki kafaɗar a hankali. Ya ja baya, ya gyara hula. Direba ya sulale ya fita ba sallama.

Inna ta sa hannu ta toshe bakinta, kamar za ta mayar da abin da ya riga ya fita. Sannan ta zauna a kan tabarmar da ta naɗe rabi, ta juya gabas, ta buɗe tafukanta. Ikilima 'yar fari ce, kuma Inna irin matan da ne, tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ke, ko yarinyar nan. Yanzu kuwa ba ta yarda ta bar wa addu'ar wata ƙofa ba.

"Ya Allah, maganar da na yi yanzu kada ka karɓa. Ikilima ce. Ikilima 'yata ce. Na janye, na yafe, ita da 'ya'yanta. Kada ka karɓa."

Ta maimaita har muryarta ta dushe. Sai a lokacin kuka ya ƙwace wa Ikilima, ta kifa kai a ƙarfen gadon ta yi mai isarta. Baffa ya ce bari ya je ya sallami mai mota, bai kuma dawo da wuri ba.

Da la'asar ta yi nas ta leƙo ta ce lokacin juyi ya yi. Suka kama su biyu suka juya shi ɗaya gefen, ba mai kallon wata. Idanun Nu'uman a rufe suke yanzu, numfashinsa na fita da ɗan ƙara. Leɓensa ya sake bushewa. Ikilima ta jawo kofin ruwa ta tsoma auduga, ta kai hannu bakinsa.

Inna ta riƙe mata wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba, ba kuma da faɗa ba. Ta zare audugar daga yatsunta, ta karɓi kofin.

"Bar shi. Ni zan riƙa ba shi."

Ikilima ta matsa baya ta ba ta wuri. Ta tsaya a ƙarshen gadon, wajen ƙafafunsa, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, sai ta ɓoye su cikin mayafi.